Lakwaja: Tarihin Garin da Ya Juya wa Koginsa Baya

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyar mota daga Kano ko Kaduna zuwa Kudu ya san Lakwaja. A nan direbobi kan yada zango, fasinjoji su sauka su ci abinci, su sayi soyayyen kifi, a sha mai, a ƙara gaba. Amma in ka tambayi matafiyan nan abin da suka gani a garin, da wuya ka sami wanda zai ce maka ya je bakin ruwa ya tsaya ya dubi inda Kogin Kwara ya haɗu da Binuwai. Iyakar saninsu da kogin shi ne ɗan hangen da suka yi masa ta tagar mota lokacin da suke haye gadar Murtala a Jamata. Alhali kuwa ba don wannan mahaɗa ta ruwa ba, da babu Lakwaja ɗungurungum.

Mu da muke koyar da tarihi a makarantun sakandare mun saba ambaton Lakwaja a layi ɗaya tak, wato garin da Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a 1900. Daga nan sai mu wuce zuwa Zungeru da Kaduna, kamar yadda shi ma Luggan ya wuce. A wannan maƙala muna so mu tsaya a garin, mu dubi yadda bakin koginsa ya bunƙasa, da yadda ya mutu, da kuma dalilin da ya sa dukiyar da aka kashe don a farfaɗo da shi ba ta haifi abin da aka yi zato ba. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Abin da ya sami Lakwaja darasi ne ga kowane ƙaramin birni da ke zaune a gaɓar ruwa, daga Yawuri har Ibi, daga Makurɗi har Yola.

Kafin zuwan jiragen hayaƙi

Tun kafin Bature ya san inda Kwara ta dosa, mahaɗar nan hanyar fatauci ce. Mutanen Oworo ne ke zaune a kan tsaunin Patti da kewayensa, Igala da Bassa suna tsallaken ruwa ta gabas, Igbira suna wajen Koton Ƙarfe, Nufawa da Kakandawa kuma su ne gwanayen tuƙin kwalekwale. Manyan jiragen Kede, wato Nufawan ruwa, sukan sauko daga arewa ɗauke da kanwa da tufafin Kano da na Nufe da hauren giwa, har ma da bayi, domin wannan mummunan ciniki na cikin tarihin kogin, ba ma ɓoye shi. Daga kudu kuma ana hauro da gishiri da wuri da bindigogi da albarushi. Babbar kasuwar wurin a wancan zamani tana Gbebe, a tsallaken kogi, fatake Hausawa kuma suna cikin masu cin ta.

Abin lura a nan shi ne, babu wata hukuma da ta gina wa waɗannan mutane tashar jiragen ruwa. Abin da suke da shi kawai shi ne kwata, wato inda kwalekwale ke tsayawa a sauke kaya. Abin da ya raya kwatar kuwa shi ne akwai kayan da za a sauke, akwai kuma mai saye yana jira. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu komo kansa.

A 1830 wasu Turawan Ingila biyu, wa da ƙane, Richard da John Lander, suka shiga kwalekwale daga Busa, suka biyo ruwa suka wuce ta mahaɗar, har suka isa teku. Da wannan tafiya Turai ta gane cewa akwai ƙofar ruwa daga teku zuwa cikin ƙasashen Nufe da Hausa. A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jiragen hayaƙi uku, aka karɓi fili daga Attah na Igala a daidai mahaɗar don a kafa gonar gwaji. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe Turawa fiye da 40, gonar kuma ta watse. A cikin wannan ayari akwai Samuel Ajayi Crowther, da wani Bajamushe mai suna Schön, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin na farko da suka rubuta nahawu da ƙamus na Hausa da haruffan boko.

Dokta Baikie da kafuwar gari

Wanda ya warware matsalar zazzaɓin shi ne wani likita mai suna William Baikie. A 1854 ya shigo da jirgi ya hau Binuwai, yana ba mutanensa kwinin kullum, aka dawo babu wanda ya mutu. Ya sake dawowa a 1857, jirginsa ya daki dutse ya lalace kusa da Jebba, amma bai koma gida ba. Wajen 1860 ya sauka a gindin Patti da yardar Etsu Nufe Masaba, wanda ikonsa ya kai har nan a lokacin. Ya share fili, ya gina bukkoki, ya buɗe kasuwa. 'Yantattun bayi da fatake Hausawa da Nufawa da Yarbawa suka taru a wurinsa. Baikie ya ji Hausa sosai, har ya je Kano a 1862. Ya rasu a Saliyo a 1864 a kan hanyarsa ta komawa gida, amma garin da ya bari ya ci gaba da girma. A 1865 mishan ɗin Crowther ya buɗe makarantar firamare a garin, wadda ake lissafawa a matsayin ta farko irin ta boko a duk faɗin Arewa.

Tun daga tushe, ke nan, Lakwaja garin baƙi ne, garin 'yan kasuwa. Babu ƙabilar da ta isa ta ce ita kaɗai ta gina shi. Nufanci da Hausa su suka zama harsunan kasuwa, har sarautar garin ma ta ɗauki sunan Hausa, wato Maigari. Tsohuwar kasuwar bakin ruwa kuma ana kiranta Kpata, kalmar Nufanci mai ma'ana ɗaya da kwata.

Zamanin Kamfani da na Lugga

Daga shekarun 1870 kamfanonin Turawa suka yi yawa a kogin, suna gasa da juna har riba ta ragu. Wani mai suna George Goldie ya haɗe na Ingila wuri guda a 1879, ya saye na Faransa, a 1886 kuma gwamnatin Ingila ta ba kamfaninsa takardar izinin mulki, ya zama Royal Niger Company. Kamfanin nan ya mai da Lakwaja babban sito da barikin sojansa. Daga nan ne dakarunsa suka tashi a farkon 1897 suka ci Bida da Ilori da yaƙi.

A nan ma akwai abin lura. Kamfanin ya cika bakin kogi da sito-sito da jirage, amma ya toshe ƙofa ga kowa. Ya ɗora lasisi da haraji masu nauyi a kan duk ɗan kasuwar da ba nasa ba, ya kori ƙananan 'yan kasuwa daga Legas da Saliyo, ya hana mutanen Brass na bakin teku cinikin da suka gada, har suka fusata suka auka wa tasharsa ta Akasa a 1895. Wato kwata na iya cika da kaya, amma riba ta wuce ta kan masu garin ta tafi Landan.

Ranar 1 ga Janairun 1900 aka sauke tutar kamfani a Lakwaja, aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya karanta sanarwar kafa mulkin Arewacin Nijeriya. An biya kamfanin diyyar fam 865,000. To, amma Lugga bai daɗe a garin ba. Ya mai da hedikwata Jebba, a 1902 ya koma Zungeru, a 1917 kuma aka tare a Kaduna. Lakwaja ta rage a matsayin ƙofar shigowa: duk wani jami'i da soja da akwatin wasiƙa da za su Arewa, sai sun biyo ta nan.

Turawa kuma sun mai da garin wurin ajiye sarakunan da suka tuɓe. Nan aka kawo Sarkin Zazzau Kwasau. Nan aka kawo Sarkin Kano Alu bayan an fara kai shi Yola, ya zauna har ya rasu a 1926. Nan aka kawo Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, shahararren marubucin waƙoƙin nan, ya rasu a 1924. Kaburburansu na nan a tsohon gari, ba nisa da ruwa. Saboda haka Bakano da Bazazzagi ba baƙi ba ne a tarihin bakin kogin Lakwaja, suna da nasu a kwance a wurin.

Yadda layin dogo ya kauce wa garin

Kogi yana da halinsa, kuma ba ya sauya shi don wani. Kwara takan cika sau biyu. Akwai farin ruwa, wanda ruwan saman ƙasarmu ke kawowa, yakan kai ƙarshen cikarsa wajen Satumba da Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya iso nan da rani. Binuwai kuwa cika ɗaya take yi, ta hau da sauri ta sauka da sauri. Da rani ya tsananta sai tsibiran yashi su fito, babban jirgi ya kasa wucewa. Ɗan kasuwar da ke son kayansa su isa teku a kowane wata na shekara ba zai dogara da irin wannan hanya ita kaɗai ba.

A 1907 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, wani ƙauye a gaɓar Kwara arewa da Lakwaja, zuwa Kano, ya isa a 1911. Nufin Turawan Arewa shi ne jirgin ƙasa ya kawo kaya Baro, jirgin ruwa ya ɗauka ya biyo ta Lakwaja zuwa teku. Da haka ta ɗore, da garin ya ci moriya. Sai dai kusan a lokaci guda layin Legas ya hauro ya haɗu da na Baro a Minna, a 1916 kuma aka gama gadar Jebba. Daga ranar nan buhun gyaɗa na iya tashi daga Kano ya sauka a bakin jirgi a Legas ba tare da an juye shi ko sau ɗaya ba. Layin gabas kuma ya taso daga Fatakwal ya bi ta Makurɗi, aka buɗe gadar Binuwai a 1932. Dogo ɗaya ya wuce ta yamma, ɗaya ta gabas, Lakwaja tana tsakiya ba wanda ya taɓa ta.

Duk da haka kogin bai mutu nan take ba. Kamfanin UAC, wanda aka kafa a 1929 kuma ya gaji tsohon Kamfanin Neja, da kamfanin John Holt, sun ci gaba da tafiyar da jiragensu daga Burutu da Warri. Da damina jirage kan hau Binuwai har Yola, su zarce Garwa a Kamaru cikin 'yan makonnin da ruwa ke da zurfi, su kai gishiri da kananzir da siminti da atamfa, su sauko da gyaɗa da auduga da riɗi da fatu. A Lakwaja suke tsayawa su ɗebi itace ko gawayi, a gyara abin da ya lalace, a juye kaya daga babban jirgi zuwa ƙarami. Wannan zirga-zirga ita ta ciyar da 'yan dako da maƙera da kafintoci da masu sayar da abinci da matuƙan da suka san kowane lungu na ruwa. Gwamnati kuma ta ajiye ofishin kula da hanyoyin ruwa da wurin gyaran jirage a garin.

Mutuwar kwata

Abubuwa uku ne suka taru suka ƙarasa cinikin kogin. Na farko, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ƙasan Kwara, daga wajen Anaca zuwa teku, ya zama fagen daga, jirage suka daina hawowa. Da aka gama yaƙi, kamfanonin ba su mai da jiragensu yadda suke a da ba.

Na biyu, kayan da ake ɗauka su ma sun ƙare. Kuɗin man fetur ya shigo, fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka durƙusar da noman gyaɗa, dalar gyaɗar Kano ta ɓace, auduga ta ja baya. Jirgi kuwa ba ya tafiya don nishaɗi.

Na uku, titi da gada. Gwamnati ta zuba kuɗin mai a kan hanyoyin mota, aka gina gadar Murtala a Jamata, jirgin fito da ke tsallakar da motoci ya zama tarihi. Tirela ta ƙwace abin da ya rage. Haka kuma madatsun ruwa, Kainji a 1968 da Lagdo ta Kamaru a 1982, da Jebba da Shiroro daga baya, sun sauya yadda ruwa ke hawa da sauka. Tun a 1959 wasu injiniyoyin ƙasar Holan suka miƙa wa gwamnati cikakken rahoto a kan yadda za a gyara Kwara da Binuwai don sufuri, amma hankalin masu mulki ya riga ya koma kan kwalta.

Sai garin ya bi kuɗi. Masu abinci da masu faci da masu sayar da mai suka tashi daga bakin ruwa suka koma bakin titi, wajen Natako da Felele. Tsofaffin sito-siton kamfani suka zama kango, wasu aka rushe. Bakin kogin da a da shi ne fuskar gari ya koma bayan gida, wurin zubar da shara.

Babban birnin jiha

Ranar 27 ga Agustan 1991 gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro Jihar Kogi, aka mai da Lakwaja hedikwata. A watan Disambar shekarar kuma gwamnatin tarayya ta tare a Abuja, wadda ke da nisan kimanin kilomita 200. Ma'aikata suka kwararo, kuɗin haya ya tashi, unguwanni suka miƙe zuwa Ganaja da Gadumo. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar tana da mutane kusan 200,000. A 1997 aka kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, aka ajiye hedikwatarta a garin. A 2011 aka ba shi jami'ar tarayya.

Jihar ta ci sunan kogi, tana kuma yi wa kanta kirari da mahaɗar ruwa. Amma tattalin arzikin babban birninta ya rataya ne a kan albashin wata da kuma matafiyan titi. In albashi ya makara, kasuwa ta yi sanyi. Ga shi kuwa a kewayen garin akwai irin kayan da aka yi kogi dominsu: kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, wanda aka ba Rasha kwangilarsa a 1979 amma bai kai ga narka ƙarfe yadda aka tsara ba, da ma'adinin ƙarfe na Itakpe, da katafaren kamfanin siminti na Obajana. Lissafin a fili yake. Tirela guda takan ɗauki buhun siminti 600, wato tan 30. Jirgin dako guda mai ɗaukar tan 900 ya ɗauke wa titi tirela 30 ke nan, da ramukan da suke haƙawa da rayukan da suke ci.

Yashe kogi

Wannan lissafi ne ya sa a watan Satumban 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya zo Lakwaja ya ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572, a kan kuɗi fiye da Naira biliyan 30. Aka gyara tashar jiragen ruwa ta Anaca, Shugaba Jonathan ya buɗe ta a 2012. Aka gina sabuwa a Baro, Shugaba Buhari ya buɗe ta a watan Janairun 2019. Aka fara gina wata a Jamata don Lakwaja, shekaru goma suka wuce ba a kai ga buɗe ta ba.

Me ya sa jiragen ba su dawo ba? Dalili na farko, yashe kogi ba aikin rana ɗaya ba ne. Kowace damina ruwa na kawo sabon yashi ya cike inda aka haƙe, kamar dai rijiyar da aka yashe aka bari a buɗe. Sai an riƙa bi ana sake yashewa, ana auna zurfi, ana sa alamun hanya, wannan kuwa kuɗi ne na kowace shekara wanda ba a yi masa bikin yanka kyalle. Na biyu, a ranar da aka buɗe tashar Baro babu ingantaccen titin da tirela za ta bi ta isa wurin, tsohon dogon da ya haɗa ta da Minna kuma ya daɗe da mutuwa. An gina ɗaki ba a yi masa ƙofa ba. Na uku, ba a fara da zama da masu kaya ba, wato masu siminti da taki da hatsi da mai, a ji nawa za su ɗora, a wane wata, zuwa ina, da kuma abin da jirgin zai ɗauko in zai dawo. Ko da aka buɗe layin dogo daga Warri a 2020, a Itakpe ya tsaya. Karo na uku ke nan dogo ya zo kusa da Lakwaja bai shiga ba.

In muka tuna da kwatar Gbebe da kasuwar Baikie, za mu ga an juya tsarin ne. A da kaya da mutane ke fara zuwa, gini ya biyo baya. A wannan karo an fara da gini, ana jiran kaya su zo da kansu.

Ranar da kogi ya tuna wa gari da kansa

A watan Satumban 2012 ruwan sama mai yawa ya haɗu da wanda aka sako daga madatsun ruwa, Kwara da Binuwai suka cika a lokaci guda. Ruwa ya shiga Adankolo da Ganaja da sauran unguwannin gaɓa, ya yanke hanyar Abuja na kwanaki, matafiya suka koma haye ruwa da kwalekwale. A faɗin ƙasa mutane 363 suka mutu, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. Bayan shekara goma, a 2022, abin ya maimaitu. Hanya ta yanke a wajen Koton Ƙarfe, tankokin mai suka yi layi, Abuja ta shiga ƙarancin fetur, mutane fiye da 600 suka rasa rayukansu a ƙasar.

Ruwa ba ya tsami banza. Yawancin gidajen da ruwa ya ci an gina su ne a kan filayen da mutanen da suka san na kogi ne, suna noma su da rani su bar masa da damina. Garin da ya daina hulɗa da koginsa ya manta iyakar kogin. A kwanakin nan biyu kuma, waɗanda suka ceci jama'a su ne matuƙan kwalekwale, wato mutanen da babu wanda ya sa su cikin tsarin biliyoyin da aka kashe.

Abin da tarihi ke nuna mana

Har gobe akwai waɗanda ba su taɓa barin bakin ruwa ba. Akwai masunta, akwai matan da ke banda kifi, akwai masu fito da ke kai mutane da doya da itace tsakanin Lakwaja da Shintaku da ƙauyukan gaɓa, akwai masu ɗibar yashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ganinmu duk wani shirin raya bakin kogi da zai fara da tashin waɗannan mutane don a gina otal da wurin shaƙatawa, ya maimaita kuskuren Kamfani ne, wato kwata ta yi kyau amma masu gari su zama 'yan kallo.

Abin da suke bukata ba shi da tsada in aka gwada da kuɗin yashe kogi. Matakalar siminti a kwata wadda za ta yi aiki ko ruwa ya hau ko ya sauka. Rumfunan kifi masu tsabta da murhun banda na zamani da ɗakin sanyi. Rigunan ruwa da dokar hana lodi fiye da ƙima da tafiyar dare, domin hatsarin Patigi na watan Yunin 2023, wanda ya ci mutane fiye da 100 a kan wannan kogi, ya isa gargaɗi. Sai kuma a shata iyakar da ambaliyar 2012 da ta 2022 suka kai, a hana ginin kwana a ƙasanta, a bar wurin ya zama kasuwar rani da lambuna da filin wasa, abubuwan da in ruwa ya rufe su wata biyu ba a yi babbar hasara ba.

Haka kuma da tsohuwar zuma ake magani. Gidan hutawar Lugga a kan Patti, da makabartar Turawa, da makarantar 1865, da sauran gine-ginen kamfani, da kaburburan sarakunanmu, duk dukiya ce in an gyara an tsare. Argungu ta nuna mana misali. Tun 1934 take gayyatar duniya bakin ɗan koginta, har hukumar UNESCO ta sa bikin kamun kifinta cikin al'adun duniya a 2016. In ƙaramin kogi ya yi wa Argungu haka, ina ga mahaɗar manyan koguna biyu na Afirka ta Yamma? Da kowace mota da ke tsayawa a Natako za ta sami dalilin ƙara sa'a guda a bakin ruwa, da kuɗin ya shiga hannun mai kifi da mai kwalekwale da ɗan jagora.

Babbar tashar jiragen dako kuwa tana da ranarta, amma sai an bi tsari: a fara samun mai kaya da ya sa hannu, a gina titi ko dogon da zai kai kayan bakin ruwa, a ware kuɗin yashewa na kowace shekara, sannan a kira shugaba ya yanka kyalle.

Kammalawa

Tarihin Lakwaja na shekara 160 da ɗoriya ya nuna cewa garin ya yi ƙarfi ne a duk lokacin da kogi ke ɗauke da kayan da ƙasa ta noma ko ta ƙera, mutanen gari kuma suna da hannu a cikin cinikin. Ya raunana a lokacin da hanya ta kauce, kaya suka ƙare, aka bar shi da albashi da cinikin 'yan wucewa. Kogin dai yana nan inda Baikie ya same shi, yana hawa a Satumba, yana sauka da rani.

Shawararmu ga 'yan'uwanmu malamai ita ce, in an tashi kai ɗalibai yawon buɗe ido, a sa Lakwaja cikin lissafi. A hau da su Patti su hangi inda ruwan biyu suka haɗu, a sauko da su Kpata su zauna da tsofaffin matuƙa su ji sunayen jiragen da suka yi aiki a ciki, su rubuta kafin masu labarin su ƙare. Marubutanmu ma ga fili nan, domin rayuwar Sarki Alu ta shekaru a gaɓar Kwara, nesa da Kano, ta isa littafi guda. Gani ya kori ji. Yaron da ya tsaya a kwata ya ga kangon sito a bayansa da faɗin ruwa a gabansa, shi ne gobe in ya zama kansila ko injiniya zai tambaya tun kafin a zuba siminti: wane kaya za a sauke a nan, kuma wa zai saya?